Sawun da Ya Shiga Bai Fito Ba

Gari na wayewa aka tarar gogen marigayi Sanni ba ya jikin bango. Ƙusar tana nan, ƙyallen da ake rufe shi da shi yana kan tabarma a ninke, gogen ne kawai babu. Kafin masu koko su sauke tukunyar farko labari ya gama Zangon Kumasi. Su kuwa mutanen Zango, da labarin da hukuncin tare suke kawo maka. Suka ce Hajo ce, 'yar marigayin.

Lokacin ba lokacin da za a kira mutum ɓarawo ba ne. Ƙarshen shekarar 1969 ake ciki, gwamnati ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama wa'adi ya bar ƙasar Gana, wa'adin kuma ya zo wuya. Mutumin da aka haifi ubansa a Kumasi ya wayi gari ana ce masa baƙo. Ko'ina ka leƙa ɗaurin kaya ake yi. Wanda ya faɗa hannun 'yan sanda, ko a kan kaza ne, takarda ake fara tambayarsa, in babu sai bayan lori, sai bakin iyaka. Hajo ba ta da takarda. A Zango aka yanke mata cibiya, muryarta ce a faya-fayan da ake sawa a kasuwar goro, kuma ta rantse ko yanka ta za a yi ba za ta hau lori ba.

Rafi'u, ƙanen marigayi kuma mai gidan yanzu, shi ya aika a kira Dramani mai bin sawu, don kada gobe a ce ya zalunci 'yar wansa. Dramani mutumin Dagomba ne daga arewacin Gana, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin ɓarayin shanu daga Salaga har Kumasi, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Kiɗa da waƙa kuwa, a wurinsa hayaniya ce ta waɗanda ba su da abin kiwo. Ya iso yana dogara sanda yana masifa.

"Ku ja baya. Shanu ma sun fi ku sanin inda ake sa ƙafa."

Shagon marigayi, inda gogen yake rataye, ƙofa biyu gare shi. Ɗaya tana kallon lungu, ba a taɓa sa mata kwaɗo ba don ba wanda ya zaci akwai mai ƙarfin halin shiga. Ɗayar tana buɗewa cikin ɗakin Hajo, sakatarta kuma ta ɓangaren Hajo take. An yi ruwa kafin asuba, jar ƙasar lungun ta yi laushi, ga layi biyu na sawu raɗau, duka sun nufi ƙofa.

"Ka gani da idonka," in ji Rafi'u. "Mutum biyu sun shiga, ba wanda ya fito. Ta ina suka bi in ba ta ɗakinta ba? Wa ya zare musu sakata?"

Dramani ya tsuguna, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya tanka.

"Mutum ɗaya ne. Takalmin taya gare shi, irin na rabin mazan Zango. Wannan layin da dunduniya yake sauka, tafiyar gaba ce. Wancan kuwa da yatsu yake fara taɓa ƙasa, takun gajere. Ya shiga da gaba, ya fita da baya, har kwanar lungu. Daga can kwalta ta cinye sawun."

"Wane mahaukaci ne zai yi tafiya da baya?"

"Mai wayo. Wanda yake so a ce ta ciki aka bi."

Wasu suka yi dariya, wani ya ce idon tsoho ya fara cin ƙasa. Rafi'u ya gyara babbar riga ya ce shi ba shi da lokacin tatsuniya, lori zai tashi gobe da safe. In aka yi la'asar goge bai fito ba, da ƙafarsa zai je wurin 'yan sanda.

Hajo tana tsaye bakin zaure, ta ci ɗamara da gyale. Doguwar mace ce, mai muryar da ba ta buƙatar a matso.

"Je ka tun yanzu, Baba Rafi'u, kada rana ta same ka a hanya. Amma ka gaya musu gaskiya. Ba goge kake nema ba, so kake a jefa ni lori."

*

Tsakar gidan ta cika da kaya. Akwatuna, ƙullin tufafi, tukwane, katifu a nannaɗe, duk an tsibe su ƙarƙashin mangwaro ana jiran lori. Dramani ya zaunar da Rafi'u kan wani akwati ya tambaye shi me ya sa yake gaggawar kai jininsa ga hukuma.

"Ni zan isa Katsina in ce wa dangi na bar 'yar wana a Kumasi ita kaɗai tana waƙa a bukukuwan mutane? Da wane bakin? In da hankali ba ta biyo ni ba, to ta biyo ni da rashinsa."

"Wato ɓatan gogen ya yi maka daɗi."

"Bai yi mini daɗi ba. Amma ba zan yi ƙarya in ce ya ɓata mini shiri ba."

Dramani ya kalli ƙafar Rafi'u. Kumburi ya yi mata yawa, ba takalmin tayar da zai shige ta. Amma mai kuɗi ba ya rasa ƙafar aro, don haka bai cire shi daga zargi ba.

A gefen kayan akwai wani siririn mutum mai furfura yana ƙara ɗaure igiya. Talle ke nan, babban yaron marigayi, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana ɗaukar masa goge yana yi masa amshi. A unguwar Buokrom yake zaune, da safen nan ya kawo 'yan komatsansa don shi ma lorin zai hau. Idonsa ya yi ja kamar wanda bai runtsa ba, amma a makon nan wa ya runtsa?

"Kai wa kake zargi?" in ji Dramani.

"Ni ban zargi kowa ba, Baba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ka tambayi Brimah mai jita. Shekaranjiya ya zo yana taya gogen zai saya, kuma mai gida bai kore shi ba."

Dramani ya waiga. Rafi'u ya tsiri duban ganyen mangwaro kamar yau ya fara ganin itace.

*

A unguwar Ashanti New Town ya sami Brimah, bayan wani gidan rawa, shi da 'yan ƙungiyarsa suna gwajin kiɗan zamani na hailaif. Ƙarar ta sa Dramani ya toshe kunne ɗaya da yatsa. Brimah ya ajiye jita ya fito, da wando mai faɗin ƙafa da tsagar gashi kamar an ja da wuƙa.

"Na taya, ban musa ba. Rafi'u ya ce in lori ya tashi in zo in ɗauka. To zan saci abin da aka riga aka yi mini alkawari?"

"Me za ka yi da goge, kai da ka koma kiɗan Turawa?"

"Baba, duniya ta juya. In na haɗa goge da jita na kai Ankara, babban birnin Gana, aka ɗauka a faifai, har rediyo sai ta sa. Gogen Sanni kuwa ba irinsa. Ni na sani, a gabansa na tashi. Ran da ya gan ni da jita ya kore ni kamar kare."

"Hajo fa?"

Fuskar Brimah ta canza. "Na ce ta zo ta yi mana waƙa, in samo mata takarda ta hannun mutanena. A gaban jama'a ta ce gara ta yi waƙa da murfin tukunya. Ni ba na mantuwa."

Dramani ya tambaye shi inda ya kwana. Ya ce a garin Konongo suka yi wasa, da hantsi suka dawo. Shaidunsa kuwa yaransa ne, masu cin abinci a hannunsa, waɗanda ko cewa ya yi a Makka ya kwana za su rantse.

A hanyar komawa ran Dramani ya ɓaci. Mutum biyu ya samu masu dalilin ƙulla wa Hajo sharri, kuma ba shi da abin da zai kama ko ɗaya da shi. Rana ta karkata. Ya wuce gaban wani gida ya ga 'yan sanda suna tura wata tsohuwa cikin mota, takalminta ɗaya ya faɗi a kwata ba wanda ya tsaya ɗauka. Ya ji haushi ya turnuƙe shi, ya ƙara sauri.

*

Ya ce Hajo ta shiga da shi shagon. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, shi ma ya tuɓe. Ɗakin na siminti ne, ba sawu ko ɗaya, sai warin turare da ƙaro.

"Me ya sa aka rataye shi ba a kaɗawa?"

"Al'ada ce. In mai goge ya rasu, sai ya shekara a bango, sannan manyan makaɗa su taru su miƙa shi ga wanda ya cancanta. Saura kaɗan shekarar ta cika. Manyan kuwa rabinsu sun riga sun tsallaka iyaka."

"Ba ki ji motsi ba?"

"Ruwa na dukan kwano, me zan ji?" Ta dube shi ido cikin ido. "Baba Dramani, in kai ma kana zargina faɗa mini, kada in ɓata yawuna. Na binne uwata a garin nan, na binne ubana. Wai yau ni ce baƙuwa, ni ce kuma ɓarauniya. Su zaɓi ɗaya mana."

"Ni ƙasa nake tambaya, ba mutane ba. Mu je."

Ya juya ya fice ya tsaya sa takalmi. Da ya ɗago sai ya ga abin da ya tsayar masa da numfashi. Hajo tana fitowa da baya, fuskarta na kallon ƙusar da ba komai a jikinta, tana lalubar dokin ƙofa da yatsun ƙafa. Ba ta ma san tana yi ba, don bakinta bai daina mita a kan Rafi'u ba.

"Ke, me kike yi haka?"

Ta tsaya, ta dubi kanta, ta yi ɗan murmushin takaici. "Sabo ne. Baba ya ce ba a ba goge baya, don na maigidansa ne, shi ma na maigidansa. Duk yaron da ya juya masa ƙeya sai ya sha izga a wuya. Tun muna yi don tsoro har jiki ya riƙe. Ko ɗakin ne da ya zauna a ciki, ba ma iya juya masa baya sai mun sha kwana."

"Su wa suka tashi a hannunsa?"

"A Kumasi yanzu mu uku muka rage. Ni, da Yaya Talle, da Brimah."

Dramani ya ja dogon tsaki, kuma da kansa yake. Tun safe maƙiyi yake farauta, ashe sawun nan ba na makirci ba ne, na ladabi ne. Ɓarawon bai yi niyyar jefa kowa a masifa ba, ƙafarsa ce ta yi abin da aka koya mata. Ya shiga tsakar gida a hankali, idonsa a ƙasa, ya zagaya tsibin kayan sau ɗaya. Inuwar mangwaro ta hana ƙasar wurin bushewa. Can ya tsaya, ya ce a kira masa Brimah, a kira kowa.

*

Ana sallame la'asar gidan ya cika. Rafi'u ya riga ya sa hula, a shirye yake ya fita. Brimah ya zo yana cika yana batsewa. Talle yana tsaye a inda yake tun safe, kusa da kaya.

"Brimah, shiga shagon maigidanka ka ɗauko mini ƙyallen da ke kan tabarma."

Brimah ya shiga ta ɗakin Hajo, jama'a na leƙe. Ya ɗauka, ya juya abinsa ya fito yana kaɗa ƙyallen, ko takalmi bai tuɓe ba. Hajo ta harare shi kamar ta kai masa mari.

"Wannan jita ta wanke shi tas," in ji Dramani. "Ba shi ba ne. Talle, ƙishirwa nake ji. Ga randa can bayanka, ɗebo mini ruwa."

Randar tana can ƙarshen gida. Duk mai hankali juyawa zai yi ya tafi. Talle ya ja ƙafa ɗaya baya, ya ja ta biyu, fuskarsa na kallon wata nannaɗaɗɗiyar katifa a saman kayan. Sai da ya yi nisa a haka sannan ya ji shirun da gidan ya yi. Ya tsaya cak.

"Tun safe kowa na zama kan kayan nan," in ji Dramani, "har mai gida. Kai kaɗai ba ka zauna ba. Kuma duk sawunka da ya bar wurin katifar nan, da baya ya bar shi. Kwance ta, ko in kwance."

Talle ya tuɓe takalmi. Ya warware igiyar, ya buɗe katifar. Ga goge nan kwance, an naɗe shi da sabuwar rigar Talle ta salla. Mata suka ɗauki salati.

"Na ji da kunnena ana cinikinsa," in ji Talle. "Gogen da ban taɓa bari ya taɓa ƙasa ba, wai a kai shi gidan rawa a jingina kusa da kwalabe. Gobe ni na tafi, ba mai hanawa. Na ce gara ya bi ni duk inda za a zubar da ni."

"Wannan na ji shi," in ji Hajo. Ta tako har gabansa. "Da ka gaya mini, da ni zan riƙe maka fitila. Abin da ban ji ba shi ne shirunka. Tun safe ana kirana ɓarauniya, ana auna mini wuri a lori, kana tsaye kana ɗaurin igiya. Kai ka goya ni ina ƙarama, Yaya Talle."

Talle ya durƙusa. "Tsoro ne, Hajo. Na yi ta buɗe baki yana rufewa. Ba ni da abin faɗa."

Dramani ya ji tausayin mutumin ya kama shi, ya kuma ji haushin jin tausayin. Rafi'u kuwa tuni ya sami sabuwar hanya.

"To, ɓarawo ya fito. Shi zan kai. In 'yan sanda suka zo su duba takardun kowa, ba ni na ce su duba ba."

Ya nufi zaure. Hajo ta riga shi, ta tsaya a bakin ƙofa ta kafa hannu biyu a jikin bango.

"Ba wanda zai kira 'yan sanda daga gidan ubana. Me aka sata? Ga goge a cikin gida. Wanda ya so fitar da shi har abada kai ne, Baba Rafi'u, kai ka sa masa kuɗi. In ƙara za a kai, mu tafi tare, ka fara da kanka."

Rafi'u ya dubi Dramani. Dramani ya ce shi an kira shi ya nemo goge, ya nemo, kuma in hukuma ta tambaye shi zai ce kaya ne aka matsar daga ɗaki zuwa tsakar gida. Rafi'u ya dubi jama'a, ba wanda ya ɗaga ido ya mara masa. Brimah ya sulale ya fice ba sallama.

"Shi ke nan," in ji Rafi'u, ya cire hula ya share zufa. Yanzu muryarsa ta tsoho ce kawai mai jin tsoro. "Gobe lori zai tashi, da ke ko ba ke. In suka zo suka same ki ke kaɗai, wa zai tsaya miki?"

"Ƙafafuna."

Ta koma ta ɗauki gogen da hannu biyu. "Wannan ba ya zuwa Ankara, ba ya zuwa iyaka. A Kumasi aka san shi, a Kumasi zai zauna."

Talle ya ɗago kai. "Wa zai kaɗa shi? Ke ba ki iya ba, manya kuma sun watse."

"Manya suna ɗaurin kaya. Wanda ya tsaya, shi zai kaɗa."

Talle ya dubi tsibin kayan. Shi ma ba shi da takarda, kowa ya sani. Ya tashi a hankali, ya je ya zaro akwatinsa daga cikin tsibin kayan, ya zaro buta da tabarma, ya ajiye su gefe. Sannan ya miƙa mata hannu biyu, ta ɗora masa gogen.

Ba a ɗaki suka zauna ba. A ƙofar gida Hajo ta shimfiɗa tabarma, da sauran rana a gaban kowa. Talle ya shafa ƙaro, ya gyara tsirkiya, ya ja izga sau ɗaya, sautin ya ratsa lungun da ya kwana biyu ba a jin ko kukan yaro a cikinsa. Hajo ta ɗora murya. Sunayen matattun Zango take kira ɗaya bayan ɗaya, da unguwar kowa da sana'arsa, tana tambaya wane lori ne zai kwashe su. Taga ta buɗe, wata ta buɗe. Wata mata ta fito da igiyar ɗaurin kaya a hannu ta tsaya tana hawaye. Dramani, wanda ya ce kiɗa hayaniya ne, ya nemi dutse ya zauna.

Rafi'u ya fito a ruɗe yana leƙen bakin titi. "Don girman Allah ki rage murya, 'yar nan. Motarsu tana kwanar masallaci, za su ji ki."

Hajo ta ja numfashi tsakanin baiti da baiti, ba ta ko waiga ba.

"Ai don su ji nake yi, Baba."